Kwana Goma Kafin Al'ada

Bukan Sidi, Lafiya
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zaman Zariya? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa mana. Na je Ashige ranar Asabar na ga Inna, ƙafarta ta yi sauƙi. Ta ce in gaishe da babbar 'yarta, don tun rasuwar yayarta, mahaifiyarki, ba ta kiranki da wani suna sai wannan. Dijatu ta shiga aji biyu. Babanta yana nan yana fama da lodin doya zuwa Kano.

Yaya, akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba a garin nan kike ba, shi ya sa zan iya faɗa miki.

Duk wata, idan ya rage kwana goma in yi al'ada, sai in zama wata mace dabam. Nonona ya kumbura ya yi tsami, zobena ya ƙi fita daga yatsa, kaina ya riƙa sara. Da iyakarsa ke nan da na daure. Zuciyar ce matsala. Ƙarar cokali a kwano sai in ji kamar a cikin ƙwaƙwalwata ake bugawa. Watan jiya alli ya karye a hannuna a gaban 'yan aji huɗu, na fita bayan aji na yi kuka kamar an aiko min da mutuwa. A gida Baban Dijatu ya tambaye ni ina makullin babur, na faɗa masa maganar da har yau ina jin kunyar tuna ta. Ranar da jini ya zo kuwa, sai komai ya sauka. In tashi garau, in bi mutane ina ba su haƙuri.

Ba abin da ban gwada ba. Na sha rubutu kwana bakwai. Na sha jiƙon saiwa daga hannun wata tsohuwa a kasuwar Doma. Surukata Hajiya ta sa na yi hayaƙin tazargade, don ita ta yanke cewa iska ce. Francisca, abokiyar aikina a makaranta, ta kawo min wani ganye daga ƙauyensu. Na sha hulba da zuma. Kowanne a watan farko sai in ga kamar ya yi, a na biyu abin ya dawo. Duk mai ba ni magani yana da labarin wata da ta warke, amma ban taɓa ganin matar nan da idona ba.

Don Allah ki duba min a littattafanku. Ba na son labari kuma. Ina son wanda aka gwada aka tabbatar.

Ƙanwarki,
Sailuba

Zariya
2 ga Afrilu, 1987

Ƙanwata Sailuba,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ki gaishe da maigidanki Malam Muntaka, ki shafa min kan Dijatu. Ni ma lafiya, sai jarrabawa da ta taso mu gaba.

Da farko ki kwantar da hankalinki: abin da kika kwatanta likitoci sun san shi, mata da yawa suna fama da shi, wasu kaɗan, wasu sosai kamar ke. Ba iska ba ce. Abin da ba su sani ba shi ne ainihin dalilinsa. Ko an auna jinin mai shi, ba a ganin wani abu da ya bambanta da na sauran mata.

Na yi yini biyu a laburare saboda ke, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Su rubutu da saiwa da hayaƙi ban ga inda aka taɓa gwada su ba, ko a ce suna yi, ko a ce ba sa yi. Waɗanda aka gwada su ne bitamin B6, da man wani fure na ƙasashen Turai, da rage gishiri. Yadda suke gwaji shi ne a raba mata gida biyu. Wasu a ba su maganin, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma ba wadda ta san wacce ta sha. Abin mamaki, da yawa daga masu shan ƙwayar banzan su ma sukan ce sun ji sauƙi, musamman a farko. Shi ya sa har yau ake gardama. Wani gwajin ya ce bitamin ɗin ya ɗan fi, wani ya ce duk ɗaya, kuma matan da aka gwada ba su da yawa.

Duk da haka ki gwada B6 ɗin, miligiram hamsin a rana, ana samu a kemis. Ki rage gishiri da kanwa da goro. Ki sami kalanda ki riƙa sa alama a ranakun da abin ya taso, har wata uku, ki aiko min.

Yayarki,
Rahmatu

Bukan Sidi, Lafiya
14 ga Yuni, 1987

Yaya Rahmatu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, damina ta zauna, kowa yana gona. Dijatu ta yi zazzaɓi ta warke. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Na sami ƙwayar. A watan Afrilu har na yi niyyar rubuto miki albishir. Kwana goman nan suka zo suka wuce ban yi faɗa da kowa ba, Baban Dijatu har yana tsokanata wai an canza masa mata. Na ce to, an zo wurin.

A watan Mayu ya dawo. Ya dawo da ƙarfinsa. Na koma wurin mai kemis, ya ce hamsin ta yi min kaɗan, ya ba ni mai ɗari. Ya ce, "Malama, bitamin ai abinci ne, ko kwalba guda kika shanye fitsari zai fitar da shi." Yanzu ina shan huɗu a rana, idan ranakun suka matso in ƙara.

Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya tsaya min. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Kin ce ba a ganin komai a jini, kuma masu shan ƙwayar banza ma suna warkewa. Me kike nufi? Cewa ni nake ƙirƙiro wa kaina? Cewa in da na ga dama da na daina? In haka kike gani ki faɗa min kai tsaye. Wallahi Yaya, idan abin ya taso ina ganin kaina kamar daga gefe, ina jin abin da bakina yake faɗa, ina roƙonsa ya yi shiru, ba ya yi.

Ga kalandar wata biyu na kwafo miki a bayan takardar nan. Ki duba yadda baƙin alamomin suke jeruwa.

Sailuba

Zariya
6 ga Yuli, 1987

Sailuba,

Ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar yau gajera ce, don ina so wannan ta kama motar gidan waya ta safe.

Ki daina shan ƙwayar nan yau ɗin nan. Mai kemis bai faɗa miki daidai ba. B6 idan ya yi yawa a jiki, aka daɗe ana sha, yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Hamsin na ce, ba ɗari huɗu ba. Laifina ne da ban ja miki kunne tun farko ba, ban zaci za ki ƙara ba. Idan kin fara jin tafin ƙafarki yana dindiris ko kamar ana tsira miki allura, ki tafi asibiti ki nuna musu kwalbar.

Maganar layin nan kuwa, ba haka nake nufi ba ko kaɗan. Ciwonki gaskiya ne. Kalandarki ma ta nuna, ba mai ƙirƙiro ciwon da yake bin kwanaki haka. Abin da nake nufi shi ne sa rai da kansa yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, shi ya sa kowane magani yake yi miki a watan farko. Maganin ne ba a tabbatar ba, ba ciwon ba.

Na aika ta akwatin makarantarku kamar kullum. Ki ba ni amsa da wuri.

Rahmatu

Bukan Sidi, Lafiya
3 ga Satumba, 1987

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Wata uku ke nan ban ga amsarki ba. Na ɗauka shirun shi ne amsar.

Zan faɗa miki abin da ya faru duk da haka, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ranar Talata ta makon jiya, saura kwana huɗu in yi al'ada, ina miyar kuɓewa da rana. Dijatu ta zo tana ja min zane tana cewa, "Umma, ki gani, Umma, ki gani." Ƙwaro ne ta kamo a gwangwani. Na ce ta bari. Ta sake. Na ce ta bari. Ban san lokacin da na juya na yi wurgi da ludayin ba. Ba ita na nufa ba, Allah ne shaidata, bango na nufa. Amma miyar tana tafasa, ta watsu mata daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu.

Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta tsaya tana kallona. Wannan kallon ne nake gani duk inda na juya.

Mun kai ta asibiti, an wanke an naɗe. Sun ce za ta warke amma zai bar tabo. Da nas ta tambaya me ya faru, Dijatu ta ce tukunya ce ta faɗi. Ba wanda ya koya mata.

Baban Dijatu bai daka min tsawa ba, da ma ya yi. Ya buɗe akwatina yana neman katin asibitinta, ya ga wasiƙarki ta Afrilu, ya karanta. Da yamma ya zaunar da ni ya ce, "'Yar'uwarki ma'aikaciyar asibiti da kanta ta rubuta cewa ba komai a jininki. To ɗayan biyu ne, Sailuba. Ko hali ne, ko kuma abin da Hajiya take faɗa ne." Na ce ba hali ba ne. Ya ce, "To gobe za mu Doma."

Kwana uku na yi a gidan wata mai magani a bayan Doma. Ta rufe ni da bargo a kan garwashi da turare har na shiɗe, ta tsaga min goshi ta shafa baƙin gari, tana tambayar wanda ke jikina ya faɗi sunansa. A rana ta uku jini ya zo, na dawo hayyacina kamar kullum. Ta ce ya fita. Hajiya ta yi guɗa. Ni kaɗai na san kwanan wata ne.

Ƙwayar yanzu goma nake sha a rana. Ita kaɗai ce abin da ya fito daga littafi, ita na riƙe. Ki yi haƙuri da rubutun, kwanan nan biro yana zame min, tafin ƙafata kuma kamar na taka auduga. Ina jin hayaƙin ne.

Sailuba

Bukan Sidi, Lafiya
19 ga Oktoba, 1987

Anti Rahmatu, ni Francisca ne nake rubutawa, Sailuba yana faɗa. Hannunta bai iya riƙe biro yanzu. Abin da ta ce shi na sa.

Yaya, ina gaisuwa. Wasiƙarki ta shida ga Yuli ta zo hannuna ranar Alhamis da ta wuce. Ta iso ana dab da dogon hutu, aka jefa ta a durowar ofis tare da takardun jarrabawa, sai da ake kwashe durowar aka gan ta. Wata uku tana kwance, ni kuma tun da aka koma makaranta ina wucewa ta ƙofar ofishin nan kullum.

Francisca ta karanta min sau biyu. Na gode da kika ce ciwona gaskiya ne. Da na ji wannan a watan Yuli, ban san me zai canza ba, amma da na ji.

Na daina ƙwayar. Mun je asibiti da kwalbar, likita ya ƙirga abin da nake sha ya riƙe baki. Ya soka min allura a yatsun ƙafa ban ji ba. Ya ce in rufe ido in tsaya, na tafi luu sai da aka tare ni. Ya ce yawanci yana dawowa a hankali, wata shida, shekara, wani lokaci ba duka ba. Na tambaye shi, to ɗayan ciwon fa? Ya ce in rage tunani.

Alli ba ya zama a hannuna. Hedimasta ya ce in je in huta, an ba wata ajina. Ba na iya ɗaura wa Dijatu ɗankwali, amma ko da zan iya, ba ta nan. Hajiya ta ɗauke ta tun bayan Doma, da abin ya sake tasowa a watan Satumba na fasa madubi. Na nuna wa Baban Dijatu wasiƙar nan taki. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Na yarda ba hali ba ne. To amma ta ce ba a tabbatar da magani ba. Ni da yarinyar mu yi yaya kafin a tabbatar?" Ya ce in koma Ashige wurin Inna har in ji sauƙi. Bai sake ni ba. Jibi zan tafi.

Anti, ni Francisca ina ƙara nawa. Ta rame sosai. In kin samu hanya ki zo.

Zariya
5 ga Nuwamba, 1987

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da jiki, ina gaishe da Inna. Na ba direban motar Lafiya wannan hannu da hannu, na daina yarda da akwati.

Wasiƙarki ta Satumba sai tare da wadda Francisca ta rubuta ta iso min. Tun da na karanta su ban iya cin abinci sosai ba. Ni na rubuta miki sunan ƙwayar nan. Na san gwajin bai nuna wani abin kirki ba, amma na ji nauyin in aiko miki da takarda ba magani a ciki, sai na ba ki abin da zan iya. Da na ce miki ban sani ba na tsaya a nan, da yau kina aji. Kuma da na ji shiru a watan Agusta ya kamata in hau mota, sai na ce fushi kike yi, bari ki huce. Ki yafe min.

Na kai kalandarki wurin wani likitan mata a nan. Ya ce akwai masu ba da ƙwayar tsarin iyali, wasu matan ta yi musu, wasu ta ƙara musu. Akwai masu ba da wani sinadarin jikin mace, shi ma da aka gwada bai fi ƙwayar banza ba. Ya ce in kawo ki ya gan ki. Ban yi miki alkawarin komai ba wannan karon. Amma ɗakina zai ɗauke mu mu biyu, kuma ina da hutu a ƙarshen Disamba. Ki ce in zo in ɗauke ki.

Yayarki,
Rahmatu

Ashige
21 ga Fabrairu, 1988

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Da hannuna nake rubuta wannan, shi ya sa haruffan suka yi manya. Kwana uku na yi a kanta. Inna tana lafiya, tana gaishe ki. An gama haƙar doya, gari ya yi shiru.

Ba abin da zan yafe miki. Ni na roƙe ki, ni na ƙara. Na san kin zo a Disamba Inna ta ce miki ba na son ganin kowa. Gaskiya ta faɗa, kin faɗo a cikin ranakun ne. Ina jin muryarki daga ɗaki, na sa filo na toshe kunne. Bayan kwana biyu na tashi lafiya, ke kuma kin riga kin koma.

Yatsuna sun fara ji. Ƙafa ce har yanzu, sai da sanda. Ɗayan ciwon kuwa yana nan yadda yake, bai makara ko sau ɗaya ba. Inna ta ware min ɗakin baya. Idan ranakun suka zo sai in shiga in ja ƙofa, ta riƙa ajiye min abinci. Maƙwabta har yanzu suna kawo saiwoyi, Inna tana karɓa ta gode, ta zuba a bayan rumbu.

Zariya ba zan zo ba, Yaya. Ba don na raina ƙoƙarinki ba. Na san yadda zai kasance: watan farko zan ji sauƙi, in fara lissafin komawa gida da aji, na biyu ya dawo. Wannan watan farkon ne ba zan iya sake ɗauka ba.

Ranar Juma'a Baban Dijatu ya biyo da motar doya, ya zo min da ita. Wata biyar rabona da ita. Bai aiko ya tambaya ba, ranar da lodi ya kama ita ya zo, saura kwana uku in yi al'ada. Ina kwance na ji muryarta tana gaishe da Inna. Na tashi na gyara ɗankwali na zauna a bakin gado, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Ta yi tsawo. An yi mata kitso mai kyau, rigar mai dogon hannu ce. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da lemo biyu, ba ta shigo ba. Ta ce, "Umma, ina wuni." Na amsa. Sai ta ce, "Umma, yau ranar lafiya ce, ko ɗayar?"

Shekararta takwas. Babanta yana bayanta, ya sunkuyar da kai. Da na ce ta lafiya ce da ta shigo, da na ji ƙamshin kanta. Amma motar tana tsaye a waje ba a kashe ta ba, ƙarar injin tana shiga min har haƙori, kuma na san abin da yake cikina.

Na ce, "Ɗayar ce, Dijatu."

Ta gyaɗa kai kamar babbar mace. Ta durƙusa ta ajiye lemon a bakin ƙofa, ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Ta kama hannun babanta suka fita.

Ki gaishe da mutanen Zariya. Kada ki aiko da komai.

Ƙanwarki,
Sailuba